Wayar da Ba Mu Sani Ba, da Wasiƙar da Ba Ta Iso Mu Ba

Jama'a, kaka ta yi. An karya masara, an tsinke auduga, kuɗi sun shigo hannu. A irin wannan lokaci ne mutanenmu na Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi su kan sayi mota. Wani ya saya don kai buhuna kasuwar Ɗandume. Wani ya saya ya ba ɗansa ya yi haya. Wani kuwa don kai iyali asibiti da gidan biki.

Amma da wuya ka ga wanda ya sayi sabuwa dal. A dā akwai Fijo, wadda aka soma haɗawa nan Kaduna a shekarar 1975, kowane bakanike kuwa ya san cikinta kamar yadda ya san ɗakinsa. Yanzu yawancin motocinmu tsofaffi ne, irin waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Sun yi shekara goma, ko goma sha biyar, a hannun waɗansu mutane a Amurka ko Kanada ko Jamus. Sa'an nan aka zuba su a jirgin ruwa, aka sauke a Ikko ko Kwatano, aka koro su zuwa nan. Ba mu san wanda ya hau su ba. Ba mu san abin da ya ƙara musu ba, ko abin da ya cire.

Saboda haka za mu yi magana a kan abu biyu. Na fari, wayar da mutum ya gani cikin motarsa bai san ta ba. Na biyu, motar da masu ƙera ta suka ce a komar da ita a gyara, amma labarin bai iso mu ba. Ko wanda ba shi da mota ya saurara, gama kowa yana shiga ta wani.

Yadda wuta ke tafiya cikin mota

Batir shi ne rijiyar wutar mota. Yana da kai biyu. Ɗaya yana da alama haka +, yawanci da jar waya ko jan murfi. Ɗaya yana da alama haka -, yawanci da baƙar waya. Ma'aunin ƙarfin wuta ana kiransa bolt. Ƙaramar mota tana aiki da bolt 12, manyan motoci da yawa kuwa da 24.

Wuta ta kan fito daga kai mai alamar +. Ta bi waya ta ratsa fis, ta ratsa makunni, ta shiga fitila ko ham, ta yi aikinta. Daga nan sai ta koma batir. To, ta ina ta ke komawa? Ta ƙarfen jikin motar. An ɗaure kai mai alamar - a jikin mota, don haka duk ƙarfen motar hanyar komawa ce.

Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne tushen maganar. Idan robar waya ta sāɓe, jan ƙarfen da ke ciki ya taɓa jikin mota, wuta ta sami yanke. Ba za ta je fitila ba. Za ta zubo gaba ɗaya, kamar ruwan da ya fasa kunya a fadama. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke, abin da ke kusa ya kama. In motar tana ɗauke da auduga, kun san sauran.

Domin haka aka yi fis. Fis ɗan siririn ƙarfe ne cikin 'yar roba. In wuta ta yi yawa, shi ne ya ke fara ƙonewa, ya yanke hanya, waya ta tsira. Kowane fis yana da lamba a bisansa, irin na zamani kuma suna da launi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda aka cire mai 10, mai 10 za a mayar. In an sa sabo ya sake ƙonewa, ba fis ne ke da laifi ba. Akwai waya a sāɓe a wani wuri, sai a nemo ta. Mun sha ganin yaran mota suna naɗa zaren waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis, don kada a ɓata lokaci a hanya. Wannan kamar mutum ya kori mai gadi ne don yana yawan ihu da dare.

Kafin a taɓa kowace waya, a kashe mota, a zare makulli, a kwance kan batir mai alamar -. Shi za a fara cirewa, shi kuma za a mayar daga ƙarshe. Ga dalili. In kana kwance shi sifana ta gogi jikin mota, ba abin da zai faru, gama su biyun abu ɗaya ne. Amma in ka fara da mai alamar +, sifana ta gogi ƙarfe, wuta za ta yi tartsatsi a hannunka. Mai zobe ko agogon ƙarfe ya cire tukuna.

Launi ba shaida ba ne

Waɗansu su kan ce, ai waya launinta ke faɗin aikinta. Haka ne, amma kowace ƙasa da nata tsari. A motocin Jamus, kamar Golf da Marsandi, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai komar da wuta jikin mota, ba ta da haɗari. A tsofaffin motocin Ingila, kamar Landiroba, waya mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wuta kullum daga batir, ko an zare makulli. Kun ga launi ɗaya, aiki biyu, kowanne kishiyar ɗan'uwansa. A Toyota kuma, fara mai baƙin zane ce ke zuwa jikin mota. Masu Fijo su ba su dogara da launi ba, lamba su ke bugawa a jikin waya. Wanda ya koyi aiki a kan iri ɗaya, ya je ya haɗa wayar wani iri da ka, ya jawo wa mai mota hasara.

To, mu ɗauka wani manomi ya sayi mota. Ya buɗe gabanta, ko ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga waya tana reto, ba ta haɗe da kome. Me zai yi?

Kada ya ja ta. Kada ya yanke ta. Kada kuma ya ce bari in soka ta nan in gani. Ya fara dubawa da ido. Wayar da aka haifi mota da ita tana tafiya cikin dami tare da 'yan'uwanta, an naɗe su tsaf, kanta kuma yana da soket na roba. Sau da yawa irin wannan ba ɓata ta yi ba. Kamfani ya kan yi damin waya iri ɗaya don mota mai tsada da mai araha. Mai tsada tana da ƙarin fitila ko kujera mai ɗumi, mai araha ba ta da su, sai a bar soket ɗin haka nan. A bar shi yadda aka gan shi. Akwai kuma wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tun shekarar 1996 kowace ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da shi. Nan a ke sa na'urar da ke faɗin ciwon inji.

Wayar da aka ƙara daga baya kuwa ba ta ɓuya. Ita kaɗai ta ke tafiya. An murɗa ta da hannu a jikin wata, an naɗe da baƙin tef, wani lokaci tef ɗin ya saki. Irin wannan ce a ke bi a hankali, da yatsa, har a ga inda ta fito da inda ta nufa. Sau da yawa za a tarar da ɗan baƙin akwati a ƙarshenta. Ko na ƙararrawar ɓarayi ne, ko na nuna inda mota ta ke, ko na tayar da inji daga nesa, gama a ƙasashen sanyi mutum ya kan so motarsa ta yi ɗumi kafin ya fito. Waɗannan akwatuna su ne su kan shanye batir da dare. Waɗansunsu an yanke wayar tayar da inji an bi ta cikinsu. In ka fizge akwatin, mota ba za ta tashi ba, sai an sake haɗa wayar da aka yanke.

Ga wani abin da ya kan ruɗi mutane. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, a kan ga kan waya irin na dutsen guga yana leƙowa ta hancinta. Ba na cajin batir ba ne. Na ɗumama inji ne da dare a lokacin ƙanƙara, an kuwa yi shi don wutar gidajensu mai bolt 120. Tamu 230 ce. Kada kowa ya soka shi a wutar gida. Mu nan ba mu da bukatarsa, ko a tsakiyar hunturu.

Waɗansu motoci kuma da sitiyarinsu a dama aka ƙera su. Nijeriya ta koma bin hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, tun daga nan motocinmu sitiyarinsu na hagu. Sai 'yan kasuwa su juya sitiyarin kafin su sayar. Wajen juyawa a kan yi wa wayoyi da yawa ƙari, kowane ƙari kuwa wurin sāɓewa ne. Mai irin wannan mota ya sa a duba masa mahaɗan. In an buɗe soket an ga tsatsa kore-kore, ko busasshiyar laka a ƙarƙashin shimfiɗa, motar ta taɓa nutsewa a ruwa.

Kada mu manta da namu na gida. Motar da ke ɗaukar masara da dawa ba ta rabuwa da tsaba a lungunanta, ɓera kuwa yana bin tsaba. In ya shiga ya kan ci robar waya. A riƙa share mota bayan an sauke kaya, kada kuma a ajiye ta gindin rumbu.

In an je wurin mai wayarin, ba laifi ba ne a yi tambaya. Ka ce, "Malam, wannan daga ina ta fito, ina kuma za ta?" Gwani zai bi ta ya nuna maka, ya auna ta da mita. Wanda ya ce, "Alhaji, bari mu haɗa mu gani," ka yi masa godiya ka nemi wani.

Launi biyu ne kaɗai kusan duk masu ƙera mota suka yi daidai a kansu. Na ɗaya ruwan lemo. Kaurin waya mai wannan launi ana samunsa a motocin da ke tafiya da fetur da lantarki tare, kamar Toyota Prius. Wutar cikinsa ta kai bolt 200 ko fi, tana kisa. Na biyu rawaya. Soket rawaya, ko dami mai rawayar riga, a gindin sitiyari ko ƙarƙashin kujera, na jakar iska ne. Ba a gwada shi da 'yar fitilar gwaji, gama wutar gwajin tana iya tayar da jakar a fuskar mai aiki. Ko an cire batir, sai an jira kamar minti uku, don akwai sauran wuta a ajiye.

Jakar iska

Dubi tsakiyar sitiyari. In ka ga an rubuta SRS, akwai jaka a naɗe a ciki. Akwai wata kuma gaban fasinja. In mota ta yi karo, jakar ta kan kumbura kafin ƙiftawar ido, ta tare kan mutum da ƙirjinsa. Ta ceci rayuka da yawa, tare da bel. Abin da ke hura ta wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne mai magani a ciki. In an yi karo sai wuta ta kunna maganin, ya ƙone, ya ba da iska.

Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana ƙera wa masu mota waɗannan gwangwanaye. Maganin da ya zuba ciki sunansa amoniyam naitiret. Manomi bai rasa saninsa ba, gama da shi a ke yin waɗansu takin zamani. Kun san yadda taki ke yi in an bar shi a laima, ya sha danshi, ya sake kama. Haka wannan magani ya ke. In ya shekara da shekaru yana shan zafin rana da sanyin dare da danshi, ƙwayoyinsa su kan yi laushi su yi ƙofofi. Gungume a hankali ya ke ci, amma ƙirare nan da nan su ke tashi. Maganin da ya lalace ya zama ƙirare. Ran da aka yi karo, ko ɗan ƙarami ne, sai ya kama gaba ɗaya. Gwangwanin ya fashe, gutsattsarin ƙarfe su fito ta cikin jakar su sami mutum a wuya ko a ido.

Idan kamfani ya gane abin da ya sayar yana da aibi mai haɗari, ya kan yi shela a komo da shi a gyara. Wannan shi ne kiranye. A Amurka doka ce, gyaran kuma kyauta ne. Honda ce ta fara kiranye saboda wannan jaka, cikin Nuwamba 2008, mota wajen 4,000 kawai. Daga baya aka ga abin ya wuce nan. A Amurka kaɗai an kira jaka wajen miliyan 67, na kamfanonin mota 19, ciki har da Toyota da Nissan da Mazda da Ford da BMW. Zuwa shekarar 2024 hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta tabbatar mutum 28 sun mutu a ƙasar ta wannan hanya, ɗaruruwa kuma sun ji rauni. An mutu a Malesiya ma. Takata kansa ya karye a shekarar 2017.

Ina ruwanmu da wannan? Ga ruwanmu. Kamfani ya kan aika da wasiƙar kiranye zuwa gidan wanda sunansa ke rajistar motar a can. Motar kuwa ta riga ta haye teku. Tana nan tana jigila tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wasiƙarta tana kwance a akwatin wani Bature. Zafin bazararmu da danshin daminarmu kuma ba sa rage mata ciwo. Kowace shekara ƙaruwa ya ke yi.

Akwai waɗanda aka ce kada ma a tuƙa su sam sai an gyara. Cikin Fabrairu 2023 Honda ta faɗi haka a kan Accord da Civic na 2001 da 2002, da CR-V da Odyssey na 2002, da Pilot ta 2003, waɗanda ba a canja musu jaka ba. Ta ce irin gwangwanin da ke sitiyarinsu, cikin biyu ɗaya na iya fashewa in jakar ta tashi. Cikin Janairu 2024 Toyota ta faɗi haka a kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005. A RAV4 ta direba ce. A Corolla ta fasinjan gaba ce. Ku tuna irin waɗannan motoci ne suka cika tashoshinmu, ku tuna kuma mutum biyu a kan cusa a kujerar gaba, wani lokaci da yaro a cinya.

Ba jaka kaɗai a ke kiranye dominta ba. A 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motoci saboda totur yana maƙalewa, wani lokaci shimfiɗar ƙafa ce ke danne shi. Masu jibga kafet biyu ko uku a ƙarƙashin ƙafar direba su lura.

Lambar shasi

Kowace mota tana da lambar da ba ta tarayya da wata. Ita ce lambar shasi. Tun 1981 ta zama haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ana karanta ta daga waje. Tana kuma jikin ƙofar direba, tana cikin takardun mota. Ukun nan su zama daidai. In sun sha bamban, kada ka saya. Ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a ruɗa su da 1 da 0.

Lambar tana magana ga wanda ya iya karatu. In ta fara da J, a Japan aka ƙera motar. In da 1 ko 4 ko 5, a Amurka. In da 2, Kanada. In da W, Jamus. A motar da aka yi don kasuwar Amurka, na goma a jere shi ke faɗin shekara: Y ita ce 2000, 1 ita ce 2001, 2 ita ce 2002, har zuwa 9, watau 2009, sa'an nan A ita ce 2010. Dillali ya ce maka ta 2008 ce, ka ƙirga da yatsa ka ga 3, ka san abin da za ka ce masa.

Ka kwafe lambar a takarda, harafi harafi. Ka kai wa wanda ke da wayar hannu mai intanet, ya shiga nhtsa.gov/recalls, ya rubuta ta. Ba a biyan ko kwabo. In akwai kiranyen da ba a gyara ba, zai fito. Wannan na motocin da aka sayar a Amurka ne. In ta Turai ce ko ta Japan, sai a kai lambar wurin wakilin kamfanin, a Kaduna ko Kano ko Abuja. Kafin ka yi tafiya ka buga musu waya, ka karanta musu lambar, ka tambaya ko suna da kayan, da abin da za a biya in akwai.

In kiranyen ya fito, kafin a gyara, kada kowa ya zauna gaban jakar da aka ambata. In ta fasinja ce, kujerar gaba ta zauna wofi, ko da direba zai rasa kuɗin mutum biyu. In ta direba ce, kuma tana cikin waɗanda aka ce kada a tuƙa, a ajiye motar. Mun san wannan da nauyi ga wanda da ita ya ke ci. Yara kuwa a baya su ke zama, a kowace mota.

Kada a je kasuwar tsofaffin kayan mota a sayo jaka a musanya. Wadda aka ciro daga wata tsohuwar mota tana iya zama mai aibin nan, har ta fi taka tsufa. Kada kuma mai mota ya datse rawayar waya da kansa. A ƙarshe a dubi allon gaban direba. In an murɗa makulli, 'yar fitilar jakar iska ta kan kama kamar daƙiƙa shida, ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. In ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila wani ya cire ƙwanta don ya ɓoye ciwon kafin ya sayar.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da fensir da takarda. Za mu roƙi wani mai mota a garin ya tsaya mana da ita a ƙofar aji. Kowa zai kwafi lambar shasi da hannunsa, ya ƙirga ya ga ta cika 17, ya faɗa mana ƙasar da aka ƙera motar.